Barkono Da Albasa A Bakin Rami Na Tara

Litinin, 6 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau an yi mini ƙarin girma ba tare da takarda ba. Shekara ashirin da biyu na koyar da tarihi, shekara shida ina rubuta wa Ƙungiyar Filayen Golf ta tsibirin Mengkada ƙasidun talla, yau kuma Ibu Yusnidar, shugabar ofishinmu, ta naɗa ni jakadanta a wurin gizagizai.

Ranar ashirin da biyar ga wata baƙi talatin za su sauka, dillalan yawon buɗe ido daga Koriya da Japan da Singafo. In filayenmu uku sun burge su, za su riƙa turo mana tsofaffinsu masu farar hula jirgi-jirgi. Bara ma sun zo, ruwa ya tsare su kwana biyu a ɗakin cin abinci, suka koma gida da mura. Bana kafin su akwai masu ɗaukar hoto, mako biyu cur.

"Pak Darwis, an ce mai ɗaure ruwan nan na Teluk Rambai yayanka ne."

"An ce, Ibu. An kuma ce ni marubuci ne."

"Ina son sama shuɗiya daga ranar Alhamis har baƙi su hau jirgi. Ka yi masa magana."

Na ce wata biyu ke nan ko ɗigo ba a yi ba, me za a ɗaure? Ta nuna mini taga da bironta. Gaskiyarta. Kwana uku ke nan hadari na haɗowa ta kudu da la'asar, mutanen ƙauyenmu har sun jera bokitai a ƙarƙashin indararo.

Matar nan digirinta biyu daga waje. Ina dariya har na hau babur.

Talata, 7 ga Fabrairu, bayan magariba

Na sami Yaya Atan a inuwar ƙarƙashin gidansa yana ɗinkin taru. Shekararsa sittin da takwas, ya ba ni goma sha huɗu. Shi ya riƙa tsallakar da ni makaranta a kwalekwale bayan rasuwar Baba, kuma har yau bai yafe wa makarantar ba. Wis yake kirana, in ba tsokana yake ji ba.

"A'a, Malam Littafi! Yau wane mataccen sarki ka kawo mini labarinsa?"

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana ɗinkinsa.

"Mako uku? Wis, biki wuni ɗaya ne. Ni ba kashe ruwa nake yi ba. Roƙonsa nake ya ɗan matsa gefe amarya ta wuce, da magariba in sake shi. Ka leƙa rijiyar masallaci kuwa?"

Ban leƙa ba. Matata Salmiah ke leƙa rijiyoyi a gidanmu.

Na ce, "To shi ke nan. Ibu dama ta ce in ba za ka iya ba, za ta ɗauko wani daga tsibirin Jawa a jirgin sama."

Ya ajiye allura. "Daga Jawa. Shi ya san ta inda iskarmu ke shigowa?"

Ibu ba ta ce komai a kan Jawa ba. Na rubuta a nan don a samu wuri ɗaya da na rubuta gaskiya a makon nan. Ni dai ban ga laifi ba. Tsoho zai soke barkono a ƙasa, shugaba za ta samu barci, sama kuma za ta yi abin da ta ga dama kamar yadda ta saba tun kafin a haife mu.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Ya zo da ƙafa, ya ƙi hawa 'yar motar filin. Ya zaɓi tudun da ke bakin rami na tara na filin golf, inda ake hango teku ta gefe uku. Tsinke huɗu ya soke, kowanne da jan barkono da albasa, ya zuba gishiri, ya zauna ya kunna taba. Ƙa'idar aikin kowa ya sani: ba wanka, ba wankin riga, har sai an gama.

'Yan matan da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, kusan dukansu 'ya'yan ƙauyenmu ne, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sumbatar hannunsa. Shi ya tare wa iyayen yawancinsu ruwa ranar aure.

Wajen ƙarfe uku hadari ya taso, baƙi ƙirin, har mai hoto ya fara tattara kaya. Yaya ya miƙe yana busa hayaƙi wajen kudu, bakinsa na motsi. Minti ashirin, hadarin ya tsage biyu ya bi ta kan teku.

Iskar arewa ce. A wannan wata haka take yi, akwai shi a kowane littafin matuƙan jirgi. Na yi wa mai hoto wannan bayani, ya ce in ɗan kauce ina tare masa haske.

Asabar, 11 ga Fabrairu, la'asar

Hadari ya taso, ya watse. Ibu ta aiko mini da hoton babban yatsa a waya.

Litinin, 13 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Ina kan shafi na uku na ƙasida. Na rubuta "aljannar 'yan golf", na tuna bara ma aljanna na ce, na mai da shi "koren lu'ulu'u a tsakiyar teku". Tsibirin nan an yi yaƙi a kansa sau huɗu saboda ruwan daɗinsa, jiragen duniya sun riƙa tsayawa cika gangunansu a nan. Yau ni ne magajin wannan tarihi, ina neman kalma ta uku mai nufin kore.

Ibu tana son jimla a kan cewa ciyawarmu ba ta bushewa duk shekara, sai na je wurin shugaban masu kula da fili in ji sirrin. Ya ji daɗin tambayar. Ya kai ni bayan rami na goma sha biyu ya nuna mini ɗakuna huɗu na siminti, injina na gurnani a ciki. Rijiyoyin burtsatse ne sababbi, an haƙa su a Nuwamba. Ya faɗi zurfinsu yana alfahari. Bayan katangar filin, tafiyar minti biyar, masallacinmu ne.

Na dawo na rubuta: "Albarkar yanayi ta sa ciyawarmu kore shar daga Janairu zuwa Disamba."

Talata, 14 ga Fabrairu, da safe

Salmiah ta dawo daga layin tankar ruwa da jarka biyu maimakon huɗu. Ta dire su a gabana.

"Ga na sha, ga na girki. Na wanka sai ka je ka kwanta a ciyawar taku da asuba, a fesa maka."

"Haba uwargida."

"Kada ka ce mini haba. Ka san abin da mata ke faɗa a layi? Da na iso aka yi shiru. Ni da ba a taɓa yin gulma a garin nan ba tare da ni ba."

Na ce jahilci ne. Ta ce e, jahilcin kuma wani mai ilimi ne ya je har gida ya tado shi.

Laraba, 15 ga Fabrairu, la'asar

Hadari ya taso, ya watse.

Juma'a, 17 ga Fabrairu, bayan saukowa daga masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan masu shiga tsakanin bayi da rahamar Ubangiji. Bai kama suna ba. Bai kuma ambaci cewa shekara uku da suka wuce, ranar auren 'yarsa, akwai tsinkuna huɗu a bayan rumfar biki ba. Na gan su da idona, ni na riƙe wa Yaya gishirin.

Da aka tayar da salla, sahunmu ya yi gyara irin wanda ban taɓa gani ba. Na dama da Yaya ya matsa, na bayan wancan ma ya matsa. Ni kaɗai kafaɗata ke jikin tasa. Kwana tara ba wanka, ba zan ce babu dalili na hanci ba. Amma masunta ne duka, hancinsu ya ga abin da ya fi haka.

An sanar da sallar roƙon ruwa ranar Lahadi a filin ƙwallo.

A hanya na ce, "Yaya, kada ka je."

"In ƙi zuwa roƙon ruwa? Ni ba na sha ne?"

Lahadi, 19 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Gari duka ya fito, har da awaki. Mun yi salla, mun juya riguna, tsofaffi na kuka. Hadari ya taso tun kafin a shafa, irin wanda ake jin ƙamshinsa. Wata mata ta fara guɗa.

Daga filin ƙwallo ana hango saman katangar filin golf. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai famfunan feshi suka tashi a rami na goma sha biyu, suna juyi, har da ɗan bakan gizo. Mutum ɗari huɗu muna tsaye a kan ƙasar da ta tsattsage, ba wanda ya kalli wajen. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka sun haɗu a kan rashin kallon abu ɗaya ba.

Sai hadarin ya watse. Sai kowa ya samu wurin kallo: Yaya.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Ba zan rubuta na yau ba.

Talata, 21 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Ɗinki biyar ne aka yi wa Yaya a goshi, ba bakwai ba kamar yadda na zata. Sama da gira, ido bai taɓu ba. Ma'aikaciyar jinya ta so ta wanke masa fuska duka, ya riƙe mata hannu, ya ce iya wurin kawai. Ta kalle ni, na kalli kalandar bango.

Na share kwalaben da aka farfasa a ƙofarsa. Na ɗaure tarun da aka yanka, ko da yake ban iya ba. Ya ce bai ga ko waye ya fasa masa goshin ba. Ƙarfe huɗu na yamma ne fa, rana tsaka, a bakin rijiyar da ya taya haƙawa. Ya ce bai gani ba.

Na koma ofis na gama sakin layi a kan iskar teku mai sanyaya zuciya. Ya yi kyau. Ibu ta ce ya fi na bara.

Laraba, 22 ga Fabrairu, bayan azahar

Na shiga wurin Ibu na ce a sallami Yaya haka nan.

"Subhanallahi, na ji labari. Mutanenku fa sai a hankali. Kwana huɗu ya rage, Pak Darwis. Ka ce ya ɗaura rawani ya rufe bandejin, za ma ya fi kyau a hoto."

Ba muguwa ba ce. Ta aika masa da kwandon lemo.

Na hau tudu na same shi zaune inda yake zama. Barkonon ya yanƙwane, ya sake sabo. Na ce ya tashi mu tafi gida, ni zan ji da ofis.

"Kai za ka ji da ofis? Kai da ko kaza ba ka taɓa ce wa kau ba?"

Na faɗa masa maganar Jawa. Na ce babu wani mutumin Jawa, ni na ƙirƙiro shi a ƙarƙashin gidansa.

Ya yi dariya har ya dafe goshi. "Ka iya ƙarya tun kana ɗan mitsitsi, shi ya sa muka ce wannan sai makaranta." Sai ya daina dariyar. "Na ba da magana, Wis. Ranar Lahadi ake tashi."

Hadari ya taso. Ban tsaya na ga ƙarshensa ba.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Na yi jarumta yau, ta minti goma sha biyar.

Na je gidan Pak Deraman, dagacinmu, wanda na koyar da 'ya'yansa uku. Na zauna a barandarsa na zayyana masa komai kamar ina aji: rijiyoyi huɗu, watan da aka haƙa, zurfinsu, nisansu da masallaci. Na ce in ya tara jama'a gobe bayan Juma'a zan miƙe in faɗa da bakina, ko da aikina zai tafi. Ni kaina na burge kaina.

Ya tura mini kofin kofi. Rabi ne.

"Malam, wa kake tsammani ya tuƙa motar da ta kawo bututun? Surukina ne."

Ya kurɓi nasa kofin, ya ci gaba.

"Duk mun sani. Da asuba in iska ta kwanta har ƙarar injinan muke ji daga shimfiɗa. Amma 'ya'yanmu arba'in da uku ke cin abinci a ciyawar nan. Kifi ya yi nisa, kai ma ka sani. In baƙin nan suka ƙi dawowa, ka faɗa mini inda zan kai yara mata arba'in da uku."

"To sai a fasa wa tsoho kai?"

"Wallahi ban ji daɗi ba, kuma na yi wa mai abin faɗa." Ashe shi ya ga ko waye. "Mutane na cikin ƙunci, Malam. Dole su yi fushi da wani. Katanga ba su isa ba. Ka ba shi shawara ya ɗan je wurin 'yarsa a Lingga, har ruwa ya sauka zukata su yi sanyi."

Na sha kofin. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan, na sha, har na ce an gode.

Juma'a, 24 ga Fabrairu

Ban miƙe ba. Ba wanda ya tara jama'a, ni kuma ban miƙe ba. Yaya a gida ya yi sallarsa.

Asabar, 25 ga Fabrairu, bayan magariba

Sun sauka da jirgin ƙarfe tara. Kiɗa, furanni a wuya, ruwan kwakwa da ɗan tsinken lema a ciki. Sama kamar an wanke ta da sabulu.

A rami na tara wani dillali ɗan Koriya, mai fara'a ƙwarai, ya hango tsoho da rawani zaune cikin hayaƙi. Da aka yi masa bayani sai ya tafa, ya kira sauran. Suka kewaye shi da wayoyi. Ni ne tafinta.

"Tambaye shi, ko yaushe abin yana ci?"

Na tambaya. Yaya ya ce, "Ce masa ya matsa, yana taka mini albasa."

Na ce wa baƙon, "Ya ce da yardar Allah."

Ibu ta raɗa mini cewa wannan ne abin da sauran tsibirai ba su da shi, a ba shi shafi guda a ƙasidar baɗi. Tana son take mai jan hankali kafin Litinin.

Da suka wuce, ɗaya daga cikin 'yan matan ta tsaya baya kamar tana gyara jaka. Ba ta sumbaci hannunsa ba, ba ta ko dube shi ba. Ta dai ajiye gorar ruwa a kan ciyawa kusa da ƙafarsa ta bi baƙinta da sauri.

Lahadi, 26 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Sun tafi. Sun ji daɗi ƙwarai. Ba hadari ma yau.

Litinin, 27 ga Fabrairu, da rana

Ban je ofis ba. Salmiah ta ɗauki jarkarmu ta girki ta kai gidan Yaya ba tare da ta tambaye ni ba, ta dawo ta ce yau sai mu ci biredi. Ya yi wanka. Ya ɗaure kaya a jaka ɗaya, ya bar mini mabuɗi da kyanwa. Ban ba shi shawarar Pak Deraman ba. Wani ya riga ni.

Talata, 28 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Jirgin Lingga na ƙarfe takwas. Mu biyu ne kawai a kan gadar katako, sai masu lodin buhuna. Ya sa farar rigarsa ta Idi, ya yi ƙanƙanta a cikinta.

Muna zaune a kan jakarsa ya ce, "Wis, tun Asabar ta farko na saki."

Ban gane ba.

"Kwana uku da farawa na leƙa rijiyar masallaci, na ga ƙasa. Na koma tudun na tuge tsinkunan, na karanta abin saki. Waɗanda ka riƙa gani bayan nan barkono ne kawai a tsinke, kamar na miya."

"To zaman me ka yi ta yi? Da rashin wankan?"

"In na tashi, matar nan ta kore ka. Kai me ka iya ban da rubutu?"

"Ai da ka faɗa wa gari! Da ba a..." Na nuna goshinsa.

"In faɗa musu me? Na saki, ga shi ruwan bai zo ba?" Ya juya yana kallon kudu. "Kwana goma sha biyar ina zaune a tudun nan, ba kora nake ba, kira nake. Kullum hadari ya zo ya leƙa ya wuce, kamar bai san ni ba. Gara su ce ni na hana. Wanda ya hana ruwa ai wani ne."

Aka fara kiran fasinja. Ya miƙe, ya riƙe hannuna da ƙarfi.

"Kai da ka cinye littattafai, faɗa mini tsakaninka da Allah. Da yana jin maganata ya daina? Ko shekara arba'in ɗin nan da nake aikin bai taɓa ji ba?"

Na san amsar. Ina da ita tun ina aji uku na sakandare, na kuma sha faɗar ta a teburin shayi mutane na dariya.

Na ce, "Yana ji, Yaya. Da ni ya yi fushi, ba da kai ba."

Ya dube ni ya daɗe, da idon da ke ƙarƙashin ɗinkin.

"Ƙaryar ciyawa ka fi iyawa," in ji shi. Ya ɗauki jakarsa ya hau.